Shafa silikon a kan murfin jirgi ba gyara ba ne

Tun jiya nake ganin bidiyon nan na jirgin ruwa na faiba a bakin dam ɗin Zobe, mai gyara ya zagaye murfin saman jirgin da farin silikon, yana lallaɓawa da yatsa, mutane na ta sa masa albarka. Abin ya ɓata min rai ƙwarai. Wannan ba gyara ba ne, rufe ciwo ne da tsumma. Kafin ruwan Agusta ya wuce, murfin nan zai koma yoyo, kuma ya fi da muni.

Irin wannan murfi, mai firam ɗin alminiyom da gilashin roba a tsakiya, shi ake sa wa jiragen da iska ke turawa, kuma duk inda yake hanyoyin ruwansa huɗu ne: robar da murfin ke dannewa idan an rufe, gindin hannun kullewa, bakin gilashin, sai kuma ƙarƙashin firam inda ya zauna a kan jikin jirgi. Wanda bai gano ta ina ruwa ke shiga ba, me yake liƙewa? Mutum ɗaya ya shiga ciki da tocila da busasshen tsumma, ɗaya ya tsaya waje da buta. A fara zuba ruwa a gindin firam kaɗai, a jira minti biyar. Babu ɗigo? A hau zuwa robar, sannan hannu, sannan gilashi. Daga ƙasa ake farawa, don in ka kwara daga sama ko'ina zai jiƙe, ba za ka gane komai ba. Robar kuwa gwajinta takarda: ka rufe murfin a kanta ka ja. In ta zare salin-alin, robar wurin ta mutu.

In daga ƙarƙashin firam ne, magani ɗaya ne: a ciro shi. Ba a liƙe yoyo daga waje. Ruwa yana bi ta tsakanin firam da jirgi ne da ramukan noti, kai kuma ka shafa abinka a gefe, inda rana da taku za su ɓamɓare shi. Da ya ɗan ɗaga, ya zama aljihu, ruwa ya shiga ya kwanta. Yawancin irin wannan bene, wato saman jirgin da ake takawa, faiba ce sama da ƙasa, katako a tsakiya. Ruwan da ka tsare shi ne zai ruɓar da katakon, ranar da ka taka ka ji wurin ya yi laushi, aikin yini ɗaya ya zama na sati.

Na san za a ce ai ya tsayar da ruwan. Ya tsayar na wata nawa? Za a ce babu kuɗi. Kwance noti goma sha biyu ba kuɗi yake ci ba, haƙuri yake ci. Kuma silikon ɗin nan mai warin tsami yana iya cin alminiyom, sannan idan ya bushe babu abin da ke kama wurin da ya taɓa, har sabon silikon. Wanda zai zo gyaran gaskiya daga baya sai ya yini yana kankara.

Ka kwance notin duka, ka sa siririn ƙarfe mai faɗi ka riƙa yanka tsohon gam a hankali kana zagayawa. Kada ka sa sukundireba ka banƙara, firam ɗin zai lanƙwashe, kuma lanƙwasasshen firam ba ya sake zama daidai. Ka kankare fuska biyun tas, ka bi da samfefa mai laushi, ka goge da asiton, ruwan nan da ake goge jan farce da shi. Amma asiton ko tina kada ya kusanci gilashin robar, tsattsaga shi yake yi. Daga nan ka tsokana kowane ramin noti da waya. In baƙin jiƙaƙƙen katako ya biyo, tsaya. Ka faɗaɗa ramin, ka ƙwaƙule ruɓaɓɓen, ka bar shi a rana ya bushe sosai, ka cika da gam mai haɗi biyu, irin na aikin faiba. Washegari ka sake huda ramin daidai girman noti. Yanzu ko ruwa ya bi noti, ba zai taɓa katako ba. Bakin kowane rami ka ɗan buɗe shi kamar bakin mazurari, don gam ya samu wurin zama ya rungume notin.

Abin shimfiɗawa a ƙarƙashin firam kuwa, in notin masu huda bene ne da ake ɗaurewa ta ciki, robar butil ta fi, irin mai danƙo da masu gyaran fitilar mota ke amfani da ita. Ba ta bushewa, shi ya sa take bin motsin jirgi. A shimfiɗa ta zagaye ɗaya ba yankewa, a naɗa kaɗan a wuyan kowane noti, a ɗaure a gicciye, kaɗan-kaɗan, a dawo bayan kwana biyu a ƙara. In kuwa masu cizon faiba ne kawai, gam irin su Sikaflex 291 ko 3M 4200 sun fi dacewa. A sa salatif a zagaye, a matse har gam ya ɓullo ko'ina, amma kada a matse shi ƙarƙaf, kaurin da ya rage shi ne ke hana ruwa. Ku guji 3M 5200 a wannan aiki, in ya kama sai dai faiba ta biyo firam.

Gilashin shi ne kawai inda silikon yake da gurbi, shi ma ba na kanti mai warin tsami ba, kuma ba shafe ba. Sai an ciro gilashin an zaunar da shi a kan gam mai kaurin milimita 3, domin a zafi yana buɗewa kusan ninki uku na alminiyom. Ku tuna ranar Afrilu a Katsina, zafi ya haura digiri 40. Siririn shafe ba zai jure wannan ja-in-ja ba. Ciro shi za a yi, jama'a, ciro shi.

Wani abin da ke damuna, daga dam ɗin Jibiya har na Sabke za ka ga ana shafa wa robar murfi baƙin mai ko basilin wai don ta yi laushi. Man fetur da danginsa kumbura irin wannan roba suke yi, ta saki. Ruwa da sabulu sun isa a wanke ƙurar hunturu da ke cin ta, in ta bushe a shafa ɗan gilisarin na kemis. Kuma don Allah in an ja jirgi tudu da rani, a jefa masa tamfol, ko da buhunan taki ne aka ɗinke.