Yaro Ya Sa Hannu a Kulob, Ku Bar Shi Ya Tsaya da Ƙafarsa Tukuna

Tun ranar Lahadi maganar nan take cin raina, yau dai na ce sai na faɗe ta, don na san ba gidanmu kaɗai ta shafa ba a garin nan na Jos.

Ɗan yayata shekararsa 19, tsayinsa ya kusa mita biyu. Tun yana ƙaramar sakandare yake bin manya filin ƙwallon kwando. Ni ne mai raka shi wurin 'yan gwanjo a Terminus neman kambas, don ƙafarsa lamba 48 ce, sai mu wuni muna zagaye kafin mu dace da guda. Wanda ya san sanyin Jos na Disamba ya san abin da ake nufi da fita atisaye daga sallar asuba, yatsu sun ƙandare, ƙwallo ta buge su kamar dutse. Haka ya yi shekara biyar ba fashi. Bara wani kulob ya ɗauke shi, Hajiya ta sa aka soya waina aka yi sadaka, kowa na sa albarka.

Wata bai ƙare ba buƙatu suka fara zuwa. Wannan kuɗin makarantar ƙanne, wancan cikon kuɗin haya, wani ɗan uwa kuma waya yake so a canza masa. Mutanen da a da suke cewa wasan banza yake yi su ne a gaban layi. Wani dare ya kira ni, muryarsa ƙasa ƙasa, ya ce: "Kawu, wallahi wata biyu ke nan ba a ba mu ko sisi ba, kuma kunya nake ji in ɗaga wayar Umma." Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Jama'a, sabon ɗan wasa a kulob ɗan koyo ne. Wasa minti 40 ne, kashi huɗu, minti goma goma. Yaron nan idan ya samu minti biyar a ciki, ranar ya yi sa'a. Sauran lokacin yana benci da tawul a wuya, yana kallon wanda ya girme shi da shekara goma yana buga gurbinsa. Idan aka sa shi, daƙiƙa 24 ce ƙungiya take da ita ta jefa ƙwallo, kuskure ɗaya koci ya ɗaga hannu a fito da shi. A irin wannan hali abin da yake buƙata shi ne barci, abinci mai kyau da kwanciyar hankali. Mu kuma mun ɗora masa kayan da ko ma'aikacin banki zai yi nishi.

Kuma mu duba inda yake wasan. Tun 2017 rikicin shugabanci ya dabaibaye hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa, gasar cikin gida ta yi ta tafiya tana tsayawa. A 2022 gwamnati ta sanar da janye Najeriya daga wasannin duniya na shekara biyu, kafin a warware maganar D'Tigress, ƙungiyar mata ta ƙasa, sun rasa gurbinsu a gasar cin kofin duniya ta Ostareliya, aka ba Mali. 'Yan matan da suka ci kofin Afirka sau uku a jere ke nan a lokacin. Idan haka ta samu manya, ina ga yaron da ko a unguwarsu ba kowa ya san lambar rigarsa ba?

Na san abin da ke zuciyar mutane, Amurka. To, hangen Dala ba shiga birni ba ne. NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta can, ba ta wuce 'yan wasa 60 take zaɓa a shekara daga duk duniya ba. Giannis Antetokounmpo, ɗan 'yan Najeriya da aka haifa a Girka, wanda yara ke liƙa hotonsa a ɗaki, an ɗauke shi a 2013, kuma shekararsa ta farko ko maki bakwai ba ya kaiwa a kowane wasa. Sai 2019 ya zama gwarzon gasar, sai 2021 ya ɗaga kofi. Hakeem Olajuwon ma da ya bar Legas ya je Jami'ar Houston, benci ya fara dumamawa kafin ya zama na farko a zaɓen NBA na 1984. Waɗannan fa suna inda akwai likita, akwai mai kula da abincinsu. An ba su lokaci. Mu wata uku muke ba yaro.

Abin da ya fi tsorata ni ma ba kuɗin ba ne. Takardar da ya sa wa hannu shafi biyu ce, babu wani babba a gefensa ranar. Da na karɓa na karanta, babu layi ɗaya a kan wanda zai biya magani idan ya ji rauni. Ba a jima ba kuwa ya sauko daga tsalle a kan ƙafar wani, idon sawu ya kumbura kamar tulu. Gida aka ce a kai shi wurin mai ɗori. Ina girmama masu ɗori, sun taimaki al'umma, amma jijiya ba ƙashi ba ce, kuma ƙafar nan ita ce jarinsa kaf. Na dage sai da aka ɗauki hoto a asibiti, Allah Ya sa targaɗe ne. Daga aljihun mahaifiyarsa kuɗin ya fito.

Yana jinya sai ga wani mutum da babbar riga da magana mai daɗi, wai zai kai shi gwaji Turai, a kawo kuɗin biza, kuma a rage masa shekara uku a fasfo. Na ce masa yaron nan ba zai fara cin abincinsa da ƙarya ba. Ranar da asiri ya tonu, dillali yana gidansa, sunan yaro ne zai ɓaci.

Shi ya sa nake roƙon iyaye da yayye, duk wanda Allah Ya ba yaro mai wannan baiwa, ku je ku zauna kusa da shi ranar sa hannu. Ku tambaya nawa ne, yaushe ake biya, ina zai kwana, wa ke da alhakin magani, kuma idan aka sallame shi a tsakiyar kaka me zai tafi da shi. Kada ku yarda ya ajiye karatu. Masai Ujiri a Zariya ya tashi, bai taɓa buga wasa ko ɗaya a NBA ba, da aikin neman 'yan wasa ba albashi ya fara, amma shi ne shugaban kulob ɗin Toronto Raptors lokacin da suka ci kofin NBA a 2019. Ƙofofin wasan nan suna da yawa, mai ilimi ne ke ganin su.

Na zauna da Yaya na ce mata a ɗauke masa duk wata hidimar gida har shekara biyu, abin da ya samu ya ci ƙwai da wake, ya sayi takalmi. Ta yi shiru, sannan ta ce ita ma abin yana damunta, bakin dangi take tsoro. Na ce ta bar ni da dangi.

Ranar Asabar suna da wasa, ƙafar ta warke, koci ya ce zai iya sa riga. Mai yiwuwa ko minti ɗaya ba zai shiga ba. Ni da mahaifiyarsa za mu je mu zauna a bayan bencinsu, inda zai gan mu idan ya waiwayo.