Kuɗin intanet a biya gaba ɗaya, rezo kuwa sai ya ga dama

Wallahi na gaji. Ranar Talata bayan la'asar ina taro ta kwamfuta da masu ba mu kuɗi, wasu a Dakar, wasu a Turai, ina ba su bayanin kasafin wata uku na shirin abincin yara da nake kula da shi a Mirriya da Magariya. Na zo daidai wurin da suka fi buɗe kunne, wato inda kuɗinsu ya shiga, sai ɗif, aka ɗauke wuta. Fanka ta tsaya. Na ce ba komai, kwamfuta na da caji. Ban rufe baki ba rezo shi ma ya bi sawu. Haka na hau saman soro da kwamfuta a hannu kamar mai tallar goro, cikin zafin Afrilu na Damagaram da ke wuce digiri 40, ina juye-juye ina neman sanda ɗaya a waya. Maƙwabciyata tana leƙe tana cewa, "Malam, lafiya kuwa?"

Kafin in koma, an tashi taro. Abin da na tarar kawai saƙon shugabata ne: a yi ƙoƙari a sami wuri mai intanet mai kyau. To a ina? Yamai zan tafi, kusan kilomita 900, don taron awa guda?

Batun wuta na san tushensa. Kaso mai yawa na lantarkin ƙasar nan tamu Nijar daga Najeriya yake zuwa, kuma mun ɗanɗana kuɗarmu a watan Agustan 2023 da aka yanke layin bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Amma ai an ɗage takunkumin Cedeao, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, tun Fabrairun 2024. Yanzu kuma wa za a ɗora wa laifi? Ko sanarwa ba a yi mana. Da za a ce daga ƙarfe kaza zuwa kaza babu wuta a unguwarku, da na shirya taruka na a kan haka, don tsara lokaci shi ne sana'ata. Sai dai ka wayi gari kana duban kwan fitila kamar mai duban wata.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne kamfanin waya. Na sayi intanet na wata, an cire kuɗi nan take, ko dala ba a rage ba. Kwana uku a jere ba ta buɗe ko hoto ɗaya ba, amma kwanakin suna cikin lissafi. Ranar da wata ya cika aka share abin da ya saura. Na kira su, wata murya ta ce in kashe wayar in kunna. Ni da nake da layi uku na kamfani uku a aljihu, kashe waya za a koya mini? Mai kanti in ya ba ka buhun gero rabi, ai ka koma ya cika maka. Su waɗannan wa ke sa su cika?

Janareta na saya, batir na saya, duk daga albashina, don a takardar aiki an rubuta daga gida nake aiki, ofis bai san zancen mai ba. Ga matatar mai can hanyar Tanut tun 2011, amma ni da galan nake yawo a kan kabu-kabu don in aika rahoto.

A gida kuma ba wanda ya yarda aiki nake. "Tunda kana zaune, je ka kai Inna asibiti." "Yaya, 'yan garuwa ba su zo ba, ka leƙa mana." Kawuna ya taɓa shigowa ana tsakiyar taro, ya zauna ya fara gaisuwa tun daga kwanan gajiya har dabbobi, Turawa suna kallo.

Rahoton nan da ya kamata ya tafi tun jiya, ƙarfe biyu na dare na tashi na tura shi, lokacin da gari ya yi barci rezo ya sami sarari. Ya kai kashi 90 cikin ɗari, aka sake ɗauke wuta.