Kafin Ki Sayi Garin Kolajin

Duk wadda ke leƙa Instagram ko TikTok ta ci karo da tallar garin kolajin: a zuba cokali ɗaya a shayi ko kunu, fata ta yi sumul, gwiwa ta daina ciwo. Masu kayan gyaran jiki har sun cusa shi cikin shirin amare, kuma kuɗinsa ba kaɗan ba ne. A ganina alkawarin ya fi ƙarfin abin da ke cikin robar.

Kolajin kam akwai shi. Shi ne furotin mafi yawa a jikin ɗan Adam, kusan kashi ɗaya cikin uku, shi ke riƙe fata da jijiyoyi da guringuntsi. Sai dai wanda aka haɗiye ba ya zarcewa kumatu ko gwiwa. Ciki yana narkar da shi kamar yadda yake narkar da nama da wake, jiki ya raba shi inda yake da buƙata. An yi bincike da ya nuna ɗan sauƙi a laushin fata da ciwon gaɓoɓi, amma da yawansa masu sayar da garin ne suka ɗauki nauyinsa. A Amurka ma, wata doka ta shekarar 1994 ba ta tilasta wa masu irin wannan kaya su jira amincewar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, kafin su shiga kasuwa ba.

Daga fatar shanu ake yin sa, ko fatar kifi, ko guringuntsin kaza, wani kuma daga fatar alade. Mace nawa ke duba wannan a jikin roba, balle lambar NAFDAC? Ganda da farfesun ƙafar sa da muka saba ci cike suke da kolajin.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wadda ke shan garin da safe, da dare ta shafa man bilicin mai sitiroyid, wanda ke sirantar da fata har jijiyoyi su fito. Zafin rana da taba su ma suna cinye kolajin. Kuma jiki ba ya iya ƙera nasa sai da bitamin C, wanda ke cikin gwaiba da lemo da 'ya'yan kuka.

Gwiwar da ta yi watanni tana ciwo ko tana kumbura, likita ya kamata ya duba ta. Kowane wata da Hajiya ta ƙara tana jiran gari ya yi aiki, guringuntsin na iya ci gaba da cinyewa.