Gimbiya Zandra ba Nausicaä ba ce

Mu da muka taso a Kano, ɗora wa fim wata murya ba baƙon abu ba ne. Mun ga jaruman Indiya suna zuba Hausa har da karin magana, ana ta dariya, amma wanda ya mutu a labarin ya mutu, wanda ya yi kuka ya yi kuka. Shi ya sa abin da na gani a nan Manchester ya tsaya mini a rai.

Wani dattijo maƙwabcina ya kunna mini tsohon kaset mai suna Warriors of the Wind. Ashe Nausicaä ne, fim ɗin zane na Japan da Hayao Miyazaki ya yi a 1984, yadda kamfanin New World Pictures ya fitar da shi da Turanci a Amurka a 1985. Sun datse fiye da minti 20, jarumar fim ɗin ma, Nausicaä, suka raɗa mata suna Gimbiya Zandra.

Ga labarin: shekara dubu bayan yaƙi ya ƙone duniya, daji mai guba yana cin ƙasa, wasu ƙattin ƙwari da ake kira Ohmu suna gadinsa. Masu bindiga so suke su banka masa wuta, ita kuwa ta gano mutane ne suka ɓata ƙasar, itatuwan tace gubar suke yi. Akwai wurin da take tuna yarintarta, ta ɓoye jaririn Ohmu a bayanta, manya suka ƙwace shi tana roƙonsu kada su kashe shi. Wannan wurin suka cire. To wanda bai gani ba, ta ina zai gane dalilin da ta tsaya gaban garkensu a ƙarshe, hannunta ba makami? Sai abin ya koma faɗa da dodanni kawai. Bayan wannan ne Studio Ghibli, kamfanin su Miyazaki, ya kafe cewa ba mai sake yanke musu fim.

Masoya Akira, wani fim ɗin zane na Japan, har yau suna musu kan wanda ya fi iya muryar jaruminsa Kaneda da Turanci, Cam Clarke na 1989 ko Johnny Yong Bosch na 2001. Wannan gardamar murya ce, kowa da kunnensa, ba ta dame ni ba.

Fassarar Disney ta 2005, wadda Patrick Stewart ya yi muryar Yupa, malamin Nausicaä, cikakkiya ce. Ita na sa wa ɗiyata ranar Asabar. Da aka zo wurin jaririn Ohmu, sai ta ajiye kofinta, ta riƙe hannun rigata gam, ta ce, "Baba, me ya yi musu?"