Ga Mai Bokitin Fenti

Da na ɗauki alkawarin yin gum da bakina har a gama wannan kakar zaɓen, don na gaji da cacar baki a Facebook. To amma an taɓo ni. Shekaranjiya wani bawan Allah ya rubuta cewa akwai 'yan baƙin ciki a unguwarmu, waɗanda ko zuma aka zuba musu a baki sai sun ce da ɗaci. Bai kama suna ba, ni ma ba zan kama ba. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Abin da ya jawo maganar, firamaren unguwarmu ce. Makon jiya aka wayi gari da baƙi, mota biyu da mai ɗaukar hoto da bokitin fenti uku. Suka shafe bangon da ke kallon titi tas, suka bar na baya yadda damina ta bar shi. Sannan aka sa yara suka kwaso bencina daga azuzuwa huɗu aka jera a aji ɗaya, aka zaɓo masu sabon yunifom aka zaunar a gaba. Mutumin namu, wato mai wancan rubutun, ya tsaya gaban allo da alli a hannu, ya karkata hula, aka ɗauka. Kafin azahar hoton ya zaga gari, wai ga ilimi ya farfaɗo albarkacin ubangidansa mai neman kujera. Kafin la'asar bencina sun koma inda aka aro su, har ɗaya ya rasa ƙafa a hanya.

Ni kuwa 'yata tana aji huɗu a wannan makaranta. Kullum da safe tana naɗe tsohon buhun shinkafa ta cusa cikin jakarta tare da littattafai, don shi ne kujerarta. Ajinsu yana can baya inda fenti bai kai ba. Iska ta yaye rabin kwanon tun daminar bara waccan, da hadari ya taso sai malamarsu ta tattara su a lungu ɗaya kamar 'yan tsaki. Allin da take rubutu da shi, daga albashinta take saya. Ban da banɗaki, wanda ba zan ɓata muku rai da bayaninsa ba. Yarinya mace in ta matsu sai dai ta tafi gida, in ta tafi kuma karatun ranar ya ƙare. Wannan na faɗa a taron iyaye da malamai, shi ne laifina, shi ne baƙin cikin.

Ranka ya daɗe, da can Kwamared muke ce maka, yanzu an ce sai Honorabul, ko da yake ban tuna akwatin da ka taɓa ci ba, ko na kansila. Ba komai, suna ai linzami ne.

Abin da ya fi ba ni mamaki da kai shi ne saurin mantuwa. Mu kuwa talakawa ba mu da kuɗi, sai dai muna da lissafi. A 2016 da aka fara ciyar da yara a firamaren gwamnati, azuzuwa suka cika maƙil, ka ce an gama da jahilci a Kaduna. Da tukunya ta sauka daga murhu, yaran da abinci ya kawo suka koma talla, ba mu ƙara jin ɗuriyarka a kan maganar ba.

A 2017 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare jarrabawa, kimanin 33,000 suka zauna, aka ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin ɗari da aka gindaya ba, aka sallame su. Ƙungiyar malamai ta NUT ta shiga yajin aiki a farkon 2018. Ni dai ra'ayina tun lokacin bai sauya ba: akwai waɗanda gaskiya bai kamata a ba su alli ba, akwai kuma waɗanda guguwar ta kwashe alhali sun shekara ashirin suna fitar da yara masu karatu. Amma kai ba ka tsaya tantancewa ba. Ka yi musu kuɗin goro, ka ce duk jahilai ne, ka yi ta yaɗa takardun amsarsu kana dariya. Cikin waɗanda aka sallama har da dattijon da ya kama hannuna da naka ya koya mana baƙi da wasali a aji ɗaya. Yau yana sayar da goro da alawa a bakin masallaci, in ka zo wucewa sai ka ɗaga gilashin mota. Kuma tambayar da ba ka taɓa yi ba ita ce, waɗanda ba su iya ɗin ba, wa ya ɗauke su aiki tun farko? Ba irinku ba ne masu yawo da 'yar takarda daga gidan wane zuwa ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, a ba ƙanen matar wane gurbi?

Sai 2021, aka ƙara kuɗin makarantun gaba da sakandare na jiha, na Jami'ar Jihar Kaduna ya kai naira 150,000. Iyaye suka yi ta kuka, ɗalibai suka fito titi. Ka hau Facebook ka ce ilimi mai inganci ba ya samuwa a arha, wanda ba zai iya ba ya je ya koyi sana'a. A watan Agustan 2023 Gwamna Uba Sani ya rage shi zuwa 105,000, ya kuma zabtare rabin na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli da na Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya. Wa zai fara tafi? Kai ne dai, da wannan bakin, kana cewa ai dama ƙarin zalunci ne. An ƙara ka yi guɗa, an rage ka yi guɗa. Ko hawainiya takan ɗan dakata kafin ta sauya launi. Na ƙirga huluna uku a kanka cikin shekaru goma, kowace da tambarinta, kuma kowace ka rantse mana ita ce ta ƙarshe.

Wani abin ma ba na wasa ba ne. Ranar 7 ga Maris 2024 'yan bindiga suka shiga makarantar Kuriga a ƙaramar hukumar Chikun suka kora yara daji kamar shanu. Sama da mako biyu iyaye ba barci, kafin aka dawo da 137. Kafin nan mun ga satar ɗaliban kwalejin Afaka, mun ga ta jami'ar Greenfield, mun ga ta sakandaren Bethel Baptist, duk a 2021. A waɗannan kwanakin na leƙa shafinka, hotunan ɗaurin aure kawai nake gani da na cin abinci a Abuja. Sai ranar da yara suka dawo ka fito da dogon rubutu kamar kai ka shiga dajin. Makarantar da ka shafa wa fenti kuwa, katangarta ta baya ta zube, awaki da 'yan shaye-shaye ta nan suke shiga. Da kuɗin mai ɗaukar hoto ka sayi bulo ko hamsin ne, wallahi da ni zan fara yi maka godiya a bainar jama'a.

Kuma don Allah a daina yi mana gori da abin da yake haƙƙinmu. Tun 2004 doka ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara, kyauta ne kuma tilas ne. Akwai kason da UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, ke warewa daga Abuja, jiha ta zuba nata daidai da shi ta karɓa, SUBEB, takwararta ta jiha, ta yi aikin. Kuɗin jama'a ne. Benci ba sadakar ɗan takara ba ce, balle a ce sai mun durƙusa. Wanda ke neman ƙuri'armu ya zo ya faɗa mana malamai nawa zai ɗauka, ta wace hanya, yaushe za a biya su ƙarin girman da suke bi, yara nawa za su zauna a aji guda. Wannan muke son ji, ba waƙa da taliya da atamfa mai hoto ba.

Af, na kusa mantawa. Naka yaran fa? Kullum ƙarfe bakwai ina ganin motar makarantar kuɗi tana tsayawa a ƙofar gidanka, ta nufi wajen Unguwar Rimi da su. Ban ga laifinka ba, kowa yana son nasa da alheri, ni ma da ina da hali da na kai tawa. Sai dai mai dafa tuwon da ba ya ci, bai kamata ya tsaya kanmu yana rantsuwa ya fi na kowa daɗi ba.

Abin dariyar, rumfar zaɓenmu a cikin wannan makarantar take, kuma a ajin bayan nan ake ajiye akwati, don shi ne ke kusa da inuwar darbejiya. Ranar zaɓe dole ka bi layi ka wuce bangon da ka shafe, ka zagayo inda ba ka kai mai hoto ba. Amma ba sai ka jira ranar ba. Litinin mai zuwa ƙarfe bakwai da rabi ina bakin ƙofa, ka zo mu shiga tare, ka zauna darasi ɗaya tak. Kada ka sa farar shaddar nan taka. Buhu kuma kada ka damu, na ce wa 'yata ta zo da guda biyu.