Kai da za ka tafi Umara da ciwo a ƙafa, ka hau keken guragu

Saura kwana tara in tashi zuwa Umara na yi targaɗe a idon sawu wurin ƙwallon yamma. Mai ɗori ya murza ya ɗaure, likita ya duba hoton ƙashi ya ce babu karaya, amma in bar ƙafar ta huta. Na ce to. A zuciyata kuwa cewa nake, ƙato kamar ni, me ɗan targaɗe zai hana?

Samari 'yan uwana, da ku nake, domin cutar da ta kama ni ita ce take kama yawancinmu: kunyar a gan mu da rauni. Tun a filin jirgin Malam Aminu Kano wani ma'aikaci ya ga ina ɗingishi ya ce a kawo mini keken guragu. Na yi dariya na ce a bar wa tsofaffi. Na sha tsayuwa a layi, na zauna awanni ƙafa a rataye cikin jirgi, kafin mu sauka Jidda silifas ya daina shiga. Dogon zama a jirgi yana kumbura ƙafar mai lafiya ma, balle wadda jijiyarta ta gurɗe. Kuma kamfanonin jirgi suna ba da keken nan kyauta, abin da suke so kawai ka sanar da su tun da wuri, galibi kwana biyu kafin tashi.

A Makka na ƙara tafka wata. Na kutsa tsakiyar cunkoso kusa da Ka'aba, har da sassarfa a zagaye ukun farko, wai kada sunna ta wuce ni. Wani ya taka mini ƙafar a zagaye na biyar, na ga wuta. Duk da haka na cije na nufi Safa. Ba a gaya maka tsawon sa'ayi sai ka shiga: tsakanin Safa da Marwa kusan mita 450 ne, sau bakwai, wato sama da kilomita 3 a kan farin dutse mai tauri, babu takalmi. Na gama dai, ina dafa bango. Ladan wahalar? Kwana uku a kwance a masauki, ƙafa a kan filo da ƙanƙara a leda, ina jiyo kiran sallar Harami ta taga ba ni da ikon zuwa. Sallolin da na biya kuɗin jirgi domin su, a ɗaki na yi su.

Wani dattijo da muke ɗaki ɗaya ya dube ni a rana ta biyu ya ce, "Yaro, wa kake son burgewa ne?" Sai ya tuna mini abin da na sani tun a Islamiyya amma ban taɓa ɗora wa kaina ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi ɗawafi a kan raƙumi a Hajjin Bankwana. Da Ummu Salama ta kai masa kukan rashin lafiya, cewa ya yi ta yi ɗawafi a bayan mutane tana bisa abin hawa. Imrana ɗan Husaini kuma aka ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Sassarfar da na kusa nakasa kaina a kanta, wanda ya bar ta babu komai a kansa. Ashe ba addini ne ya matsa mini ba, ganin ido ne.

Da na samu sauƙi sai na sauke kai. Na karɓi keke, abokin tafiyata ya tura ni muka hau sama inda masu keke suke ɗawafi. Zagayen ya fi tsawo, amma a nan ne na fara yin addu'a da hankalina a jikina, ba ina lissafin inda zan sa ƙafa ba. Na riƙa fita awa guda kafin salla, in tafi a sannu, in samu gefen ginshiƙi in miƙe ƙafa. Ziyarar kasuwa da hawan Dutsen Hira da abokai suka yi don ɗaukar hoto, duk na yafe, kuma ban mutu ba.

Don haka in tsautsayi ya same ka gab da tafiya, ko Umara ce ko karatu ko kasuwanci, ka fara ganin likita, ka tambaye shi ƙarara ko jirgi ya halatta maka. In an sa maka sabuwar filastar ɗorin karaya, ka sani kamfanoni da yawa ba sa ɗaukar mutum sai ta kwana ɗaya ko biyu. Ka nemi kujerar bakin hanya don ka riƙa motsa ƙafa, ka sa magungunanka da takardar likita a jakar hannu, ba a akwati ba. Kuma don Allah ka gaya wa abokan tafiyarka gaskiyar halin da kake ciki tun daga gida, kada sai kun isa su gane cewa jinya suka zo yi.

Ƙafata ta warke, alhamdulillahi, amma sai da ta ɗauki wata biyu bayan dawowata, kuma har yau in sanyin hunturu ya shigo tana yi mini tsami.