An Kafa Shinge, An Ɗauki Hoto, Giwa Tana Cikin Gona

Wai don Allah, masu kare namun daji, wa ya ce muku aiki ya ƙare ranar da aka kafa shinge? Babbar giwa takan ci kusan kilo 150 a rana. Garke ya faɗa gona da dare daidai lokacin da amfani ya nuna, kafin asuba wahalar damina guda ta tafi, abin da ba su ci ba sun tattake. Manomi ya harbe ta, kurkuku. Ya ƙyale ta, yunwa.

Ba a musun dabarar shingen amya. Binciken masaniyar dabbobi Lucy King a Kenya ya tabbatar giwa tana gudun ƙudan zuma, don sukan harbe ta a gefen ido da cikin hanci, inda fata ba kauri. Ana rataye amya duk bayan mita 10, waya guda ta haɗa su. Giwa ta tura wayar, amyoyi su girgiza, ƙuda su fito. To amma amyar da ba ƙuda a ciki akwati ce kawai! Fari ya zo, furanni su bushe, ƙudan su yi ƙaura. Gara ta cinye turaku, waya ta saki, dage ya hau ya fasa amya ya sha zuma. Giwa kuwa ba ta da mantuwa, inda ta ratsa jiya ba a harbe ta ba, nan za ta biyo gobe da 'yan'uwanta. Wa zai sayi sabon turke? Wa zai ajiye wa ƙudan ruwa da rani? Ko kwabo ba a ware ba, masu aikin sun rubuta rahoton nasara sun kama gabansu.

Igiyar barkono ma haka. A daka barkono, a kwaɓa da baƙin mai, a shafe igiya da tsummoki. Ruwan sama ya wanke, rana ta kashe yajin, bayan 'yan makonni sai an sake. Da kuɗin wa?

Shingen lantarki ya fi ban haushi saboda tsadarsa. Idan ƙarfin bai kai wajen bolt 5,000 ba, toron giwa ba ya ko waiwayowa. Ciyawa ta taɓa waya, wuta ta zurare ƙasa. Batir ya mutu ko a sace shi. Haure bai cika ɗaukar wuta ba, da shi toro ke tsinke waya, ko ya kayar da bishiya a kai ya tsallake.

Sai diyya. Dokar namun daji ta Kenya ta 2013 ta tanade ta, amma mutane sukan shekara da shekaru suna jira. Kuma dokar ta ce ba a biyan wanda bai ɗauki matakin kare amfaninsa ba. Wato shingen da aka bar wa manomi ya ruɓe don ba kuɗin gyara, shi ne zai iya zama hujjar hana shi haƙƙinsa!